Tambayoyi da Amsoshi Kan Karatun Jerin Littattafan Al'ajabi da Soyayya na Matasa

Ni malamar Turanci ce a wata makarantar sakandare da ke cikin garin Bauchi, kuma a bayan ajina akwai wani kabad na katako da nake ajiye littattafan labari, waɗanda ɗalibai suke ara su kai gida su dawo da su bayan mako biyu. Da farko littattafan manhaja ne suka cika shi, amma a hankali sai na lura cewa waɗanda bangonsu ya fi saurin yagewa, waɗanda har ake rubuta suna a takarda ana jiran layinsu, su ne labaran al'ajabi da soyayya masu kashi-kashi da aka rubuta domin matasa. Tun daga lokacin tambayoyi ba su yanke mini ba, wasu daga ɗalibai, wasu daga iyayen da suka tsinci littafi a ƙarƙashin matashin kai, wasu kuma daga 'yan uwana malamai. Na tattara waɗanda aka fi maimaitawa, na amsa su gwargwadon abin da na karanta da abin da na gani da idona.

Tambaya: Malama, wane irin littattafai ne waɗannan, kuma me ya sa ake cewa na matasa ne?

Amsa: Masu buga littattafai a Amurka da Ingila sun ware wani rukuni na labarai domin masu shekara 12 zuwa 18, kuma alamar da ta fi saurin nuna shi ita ce shekarun jarumin labarin, wanda yawanci sa'an mai karatu ne ko ya ɗan girme shi. A cikin wannan rukuni ake samun labaran al'ajabi, inda marubuci yake gina wata duniya tasa ta daban, da sarakunanta da dokokinta, wani lokaci har da taswirarta a shafin farko, sannan ya zuba mata dodanni da aljanu da mutane masu wata baiwa da ba a saba gani ba. Galibi akwai doguwar tafiya mai hatsari, ko neman wani abu da ya ɓace, ko yunƙurin kawar da azzalumin sarki, kuma a kan wannan hanya ce soyayya take tsirowa tsakanin abokan tafiya. Abin da ya mayar da su na matasa shi ne tambayoyin da ke ƙarƙashin labarin, irin waɗanda suke hana ɗan shekara goma sha biyar barci: wa zan amince wa, yaushe zan bi maganar na gaba, yaushe kuma zan tsaya a kan abin da na san gaskiya ne. Manya da yawa suna karanta su, kuma ina cikinsu.

Tambaya: Wannan ba baƙon abu ba ne da aka kawo mana daga waje?

Amsa: Littattafan baƙi ne, amma irin labarin namu ne tun kaka da kakanni. Duk wanda ya taɓa zama a gaban kakarsa da dare aka ce masa "ga ta nan, ga ta nanku" ya riga ya shiga duniyar da Gizo da Ƙoƙi suke magana, Dodo yake haɗiye mutane, yarinya take tafiya wanke cokali a kogi mai nisa ta dawo da arziki. Da rubutun boko ya zo ma, da irin wannan labari aka buɗe ƙofa. A 1933 Hukumar Fassara ta Zariya, ƙarƙashin Rupert East, ta shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai da Hausa, kuma daga cikinta aka sami Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, labarin mutumin da ya bar gida ya yi shekaru yana yawon duniya domin neman ruwan da zai warkar da ɗan sarki, yana karo da abokin hamayyarsa Malam Zurƙe a gari bayan gari, har tafiyar ta kai shi ga aljanu. Daga gasar ne kuma aka sami Ganɗoki na Bello Kagara, wanda ya fara da yaƙi da Turawa ya zarce zuwa ƙasar aljanu. Mu mutanen Bauchi muna da namu rabon a wannan gasa, domin Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda a lokacin matashin malamin makaranta ne a nan garin, shi ya rubuta Shaihu Umar, labarin yaron da aka sace aka ƙetare hamada da shi da uwar da ta bi sawunsa. Babu aljanu a cikinsa, amma akwai tafiyar da ke sa zuciya ta tsinke.

Hatta raba labari kashi-kashi mun san shi. Magana Jari Ce, wanda ya fara fitowa a 1937, littafi uku ne, kuma dabarar da aku ya yi ta riƙe ɗan sarki da labari bayan labari don kada ya fita, ita ce dabarar da kowane marubucin jerin littattafai yake yi wa mai karatunsa. Saboda haka idan yarinya ta zo mini tana zumuɗin wani labari na Turanci, nakan tambaye ta ko ta karanta Ruwan Bagaja, in ta ce a'a in haɗa mata biyun ta tafi da su.

Tambaya: Me ya sa ba a gama labarin a littafi ɗaya, sai an ja shi zuwa uku ko bakwai?

Amsa: Akwai dalilin kasuwa, kuma ba zan ɓoye shi ba: wanda ya sayi na ɗaya ya ji daɗi zai nemi na biyu, shi ya sa ake yanke labari a daidai inda ya ɗau zafi, kamar yadda marubutanmu na Kano suka saba rufe littafi da cewa mu haɗu a kashi na biyu. Akwai jerin da na karanta na ga a fili cewa littafin tsakiya ciko ne kawai, abin da za a faɗa a babi uku aka shimfiɗa shi a shafi ɗari huɗu.

Sai dai idan marubuci ya san aikinsa, tsawon yana ba da abin da littafi guda ba zai iya bayarwa ba, wato girma tare da mutanen labarin. Misalin da kowa ya sani shi ne Harry Potter na J.K. Rowling, littafi bakwai da suka fito daga 1997 zuwa 2007. A na farko yaron yana da shekara 11, littafin kuma shafi 223 ne a bugun Ingila, mai sauƙin harshe da raha. Kafin a kai na biyar ya zama shafi 766, an shiga maganar mutuwa da cin amana da hukumar da take ƙaryata gaskiya don kare kujerarta, a na ƙarshe kuwa yaron ya kai 17. Ɗalibin da ya bi wannan hanya tun daga farko ya ga yadda hali yake sauyawa, yadda aboki yake ɓata maka rai ku shirya, yadda wanda ka ɗauka maƙiyi ne yake da nasa ciwon a ɓoye. Wannan sanin mutum na dogon zama shi ne babban daɗin jerin littattafai, kuma shi ne abin da nake so ɗalibaina su ɗanɗana.

Tambaya: Ban taɓa karanta irinsu ba. Da wanne zan fara?

Amsa: Ina ba da shawarar a fara da wanda ƙasarsa ba ta yi nisa da tamu ba, domin wanda yake fama da sabon harshe bai kamata a ƙara masa nauyin sabuwar al'ada gaba ɗaya ba. Nnedi Okorafor, 'yar asalin ƙabilar Ibo da aka haifa a Amurka, ta rubuta Akata Witch a 2011, ta biyo shi da na biyu a 2017 da na uku a 2022. Jarumar yarinya ce zabiya 'yar shekara 12 mai suna Sunny, tana zaune a kudu maso gabashin Nijeriya, kuma yadda ake tsangwamarta saboda launin fatarta abu ne da duk wani ɗan makaranta a nan ya taɓa gani. Turancinsa mai sauƙi ne, soyayyar cikinsa kuma kaɗan ce ƙwarai.

Ga waɗanda suka kai aji huɗu na sakandare zuwa sama akwai Children of Blood and Bone na Tomi Adeyemi, wanda ya fito a 2018, na biyunsa a 2019, na uku a 2024. Ta ɗauki sunayen garuruwanmu ta baza su a taswirar ƙasar da ta ƙirƙira, har da Legas da Ilori da Sakkwato da Gombe da Jimeta. Ranar da wani ɗalibina da iyayensa suke Adamawa ya ga an ajiye Jimeta a bakin teku, sai da ya zagaya da littafin aji yana nuna wa kowa. Labari ne mai nauyi, akwai kisa da azabtarwa, kuma an gina shi a kan addinin gargajiya na Yarabawa, batun da zan dawo kansa a ƙasa. Wanda kuma yake son hamada da takubba da sunaye irin namu, Hafsah Faizal, Musulma ce 'yar Amurka, ta rubuta We Hunt the Flame a 2019 da cikonsa a 2021, labarin Zafira da take shigar maza tana farauta don ciyar da mutanenta, da Nasir ɗan sarki da mahaifinsa ya mayar makashi. Littafi biyu ne kacal, don haka ya dace da wanda bai shirya doguwar tafiya ba, amma harshensa yana da ado da yawa, sai an yi haƙuri da babobin farko.

Tambaya: Na sami na uku ban sami na ɗaya ba. Zan iya farawa da shi?

Amsa: Ka jira na ɗaya. A littafin farko ake kafa dokokin duniyar da dalilin kowace gaba, kuma wanda ya faɗa a tsakiya zai ga ana kuka a kan mutuwar wanda bai sani ba, sannan ya riga ya lalata wa kansa sirrin littattafai biyu.

Tambaya: Malama, waɗannan littattafai cike suke da sihiri da tsafi. Ba za su taɓa imanin yaro ba?

Amsa: Wannan ita ce tambayar da na fi girmamawa, kuma ba na amsa ta da gaggawa. Wata safiya wani dattijo, mahaifin ɗaya daga cikin ɗalibaina, ya zo makaranta da littafin Children of Blood and Bone a cikin baƙar leda, ya zaro shi ya ajiye a kan teburina, ya ɗora yatsa a kan hoton yarinya mai farin gashi da ke bangon, ya ce, "Malama, ki gaya mini tsakaninki da Allah, wannan ba littafin tsafi ba ne?" Na ce masa, "Baba, babu wani siddabaru da mutum zai koya a cikinsa, amma gaskiya ne mutanen labarin suna kiran gumakan gargajiya suna neman taimakonsu." Ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce bai yarda 'yarsa ta ƙarasa shi ba. Na karɓi littafin ban yi musu ba, domin 'yarsa ce, na ba shi wani na ce ya duba. Bayan makonni yarinyar ta gaya mini cewa yanzu kullum bayan sallar isha'i sai ya kira ta ya ce ta ba shi labarin inda ta tsaya a sabon littafin.

Sihiri haramun ne a Musulunci, kuma iyaye Kiristoci a nan Bauchi su ma sun kawo mini irin wannan damuwa. Hukuncin karanta ƙagaggen labari da ya ƙunshi irin waɗannan abubuwa na malaman addini ne, kuma ina ƙarfafa duk mai shakka ya kai wa malamin da ya amince da shi. Abin da zan iya faɗa a matsayina na mai karatu shi ne littattafan ba ɗaya suke ba. A wasu, abin al'ajabin kayan aikin labari ne kawai, kamar aljanun Ruwan Bagaja, kuma yaro ya san ƙarya ce kamar yadda ya san Gizo ba ya magana. A wasu kuwa an ɗauko abin da wasu mutane suka bauta wa ko suke bauta wa aka mai da shi ginshiƙin labarin, kamar gumakan Girkawa a jerin Percy Jackson na Rick Riordan da ya fara a 2005, ko na Yarabawa a littafin da dattijon nan ya dawo da shi. Irin waɗannan ba na ba wa 'yan ƙananan azuzuwa su, manyan ma sai mun zauna mun yi magana a kan abin da za su tarar. Abin da na fi tsoro shi ne karatun ɓoye, wanda yaro zai yi a waya cikin dare ba tare da wani babba ya san abin da ya shiga kansa ba, balle ya sami wanda zai tambaya.

Tambaya: To batun soyayyar fa? Yaya iyaye za su san littafin da ya wuce gona da iri?

Amsa: A nan ma sai an rarrabe. A yawancin littattafan da aka rubuta domin matasa da gaske, soyayyar kallo ce da faɗuwar gaba da riƙe hannu, wani lokaci da sumba, abin da ya saɓa wa tarbiyyarmu amma ba a shimfiɗa shi da batsa ba. Haɗarin yana wurin wasu littattafai na manya da suke da bango iri ɗaya da na matasa, da dodo da takobi da fure, ana kuma tallarsu a TikTok ga kowa da kowa. A Court of Thorns and Roses na Sarah J. Maas da ya fara a 2015 da Fourth Wing na Rebecca Yarros na 2023 suna cikin waɗanda suka fi tashe, kuma a jerin biyun akwai bayanin kwanciya ƙarara. Ba su da wuri a kabad ɗina. Hanya mai sauƙi ta ganewa ita ce duba shekarun jarumar: a na farkon tana da 19, a na biyun 20, kuma da zarar an haura 18 sai a ƙara bincike. Uwar da ba ta jin Turanci tana iya ba wa yayar yarinyar ko ƙanwar babanta ko malamarta littafin ta duba, ko ta sa a rubuta sunansa a intanet a ga shekarun da aka ce ya dace da su.

Akwai kuma abin da ya fi batsa wuyar gani, wato irin namijin da ake nuna wa yarinya a matsayin abin so. A Twilight na Stephenie Meyer, wanda ya fito a 2005, saurayin yakan shiga ɗakin yarinyar cikin dare yana kallonta tana barci ba da saninta ba, kuma labarin ya nuna hakan a matsayin tsananin ƙauna. Na taɓa tambayar 'yan matan ajina abin da za su yi idan wani saurayi a unguwarsu ya haura katanga ya yi haka, gaba ɗayansu suka ce ihu za su yi a tara masa jama'a. Daga nan muka shafe darasi guda muna rarrabe so da mallaka, da kishin da yake hana mace zumunci da ƙawayenta, da fushin da ake cewa wai alamar damuwa ce. Ba na jin da na tsaya a gaban allo na yi musu wa'azi za su buɗe baki kamar yadda suka buɗe a ranar. Kuma a cikin waɗannan littattafai akwai soyayya mai kyau da ta cancanci a nuna musu, wadda ake gwada ta da riƙon amana da haƙuri da faɗin gaskiya a lokacin da ƙarya ta fi sauƙi.

Tambaya: Turancina ba shi da ƙarfi. Kowane shafi sai na ci karo da kalmomin da ban sani ba. In haƙura?

Amsa: Kada ki haƙura, ƙanwata, amma ki sauya yadda kike karatun. Kuskuren da na fi gani shi ne ɗaliba ta ajiye ƙamus a gefe tana tsayawa a kan kowace kalma, kafin ta gama shafi biyu labarin ya huce, ita ma ta gaji. Ki wuce kalmar da ba ki sani ba muddin kin gane abin da ke faruwa, ki duba ƙamus kawai idan ta dawo sau uku ko huɗu, ko kuma idan ma'anar wurin ta rataya a kanta. Ki sani kuma cewa wasu kalmomin marubucin ne ya ƙirƙire su, sunayen ƙabilu da makamai da tsirrai na duniyarsa, ba za ki same su a kowane ƙamus ba, kuma sau da yawa akwai jerin ma'anarsu a ƙarshen littafin. Shafi hamsin na farko su ne masu wuya. A nan ne jerin littattafai ya fi littafi guda amfani ga mai koyo, domin kowane marubuci yana da kalmomin da yake yawan komawa gare su, kuma wahalar da kika sha a na ɗaya ita za ta sa ki gudu a na biyu.

Tambaya: A ina ake samunsu a Bauchi, ga kuma tsada?

Amsa: Shagunan littattafai na cikin gari sun fi ƙarfi a littattafan makaranta da na addini, don haka yawancin abin da ke kabad ɗina ko dai na gwanjo ne da na tsinta, ko na yi oda daga Abuja ko Legas aka aiko ta mota na karɓa a tasha, ko kuma wani ɗan uwa ya taho da shi daga Jos. Littattafan Hausa na farko da na ambata kuwa, kamfanin buga littattafai na NNPC da ke Zariya ne yake fitar da su, kuma sun fi sauƙin samu. Dabarar da ta fi burge ni ɗalibai ne suka ƙirƙiro ta da kansu: su biyar suka yi wani irin adashi, kowa ya ɗauki nauyin sayen kashi ɗaya na jerin, suna zagayawa da su, a ƙarshe kowa ya karanta biyar da kuɗin ɗaya.

A yi hattara da bugun jabu. Na taɓa sayen kashi na uku na wani jeri da araha a wurin wani mai shimfiɗa littattafai a bakin titi, ban duba ba na sa shi a kabad. Bayan kwana huɗu yarinyar da ta ara ta dawo da shi idonta ya yi ja, ta buɗe mini ƙarshensa, sai ga shi shafukan ƙarshe maimaicin wani babi ne na tsakiya, ƙarshen labarin babu shi sam. Littafi uku ta bi don ta kai wannan wuri. Tun daga ranar nake bin lambobin shafi, musamman na ƙarshe, kafin in biya. Su kuma kwafin PDF da ake turawa a WhatsApp, na san halin rashi ne yake kai mutane gare su, amma haƙƙin marubuci ne ake ci, kuma abin ya fi ciwo idan marubucin namu ne na gida da yake jiran kuɗin littafin ya biya mai ɗab'i.

Tambaya: Ba za su hana yaro karatun makaranta ba?

Amsa: Suna iya hanawa, kuma na gani. Akwai yaron da ya kwana cikin gidan sauro da tocilan bayan an ɗauke wuta, ya zo da safe yana gyangyaɗi a darasin lissafi, da na tambaye shi ya ce babi ɗaya ya yi niyya. An tsara littattafan ne don kada a iya ajiye su, saboda haka sai an sa musu iyaka daga waje: bayan an gama aikin gida da hadda, ko ranar Asabar da Lahadi, kuma ni nakan rufe kabad mako biyu kafin jarrabawa. Amma ɗaliban da suka saba da dogon karatu su ne ba sa firgita da dogon nassi a jarrabawar WAEC da NECO, su ne kuma suke gama littafin labarin da JAMB take sanyawa cikin 'yan kwanaki, alhali wasu suna yawon neman taƙaitawa.

Tambaya: Na kalli fim ɗin. Akwai sauran amfanin karanta littafin?

Amsa: Akwai. Fim na awa biyu ba ya ɗaukar shafi ɗari biyar, kuma abin da ake fara zubarwa shi ne zancen zuci, wanda a irin waɗannan labarai shi ne rabin daɗin. Idan da zaɓi, a fara da littafin, domin wanda ya riga ya ga fuskar ɗan wasa ba zai ƙara iya zana tasa a ransa ba.

Tambaya: Abokina ya gama jerin, kullum sai ya gaya mini abin da zai faru. Me zan yi?

Amsa: Ka gaya masa a fili cewa ba ka so, domin wasu zumuɗi ne yake cin su ba mugunta ba. Dokar da muka kafa a ajina ita ce duk mai son hira a kan littafi sai ya fara tambayar abokin hirarsa inda ya tsaya, kuma wanda ya tona ƙarshen labari ana mai da sunansa ƙasan layin aro.

Tambaya: Me ya sa ba mu da irin waɗannan jerin da Hausa?

Amsa: Muna da su, sai dai ba mu cika kiransu da wannan suna ba. Littattafan yaƙi da samari suka daɗe suna haya a shagunan unguwa, masu sadaukai da bokaye da gimbiyar da aka sace, labaran al'ajabi ne masu kashi-kashi, haka kuma littattafan soyayya da suka bunƙasa a Kano tun shekarun 1980 sun raini masu karatu da yawa, musamman mata. Yau rubutun ya koma waya, ana sakin labari shafi-shafi a WhatsApp da Wattpad, wato dandalin da ake wallafa labarai a intanet, ga kuma gasar Hikayata da BBC Hausa ta fara a 2016 domin gajerun labaran mata. Ƙorafina a kan yawancin littattafan yaƙin shi ne suna faruwa a wani birni mai nisa mai suna irin na Larabawa ko Hindu, kamar ƙasarmu ba ta isa ta ɗauki abin al'ajabi ba, alhali ga tsohuwar ganuwar Bauchi da ƙofofinta, ga ɗakunan kogo da mutanen zamanin da suka sassaƙa a jikin dutse a dajin Yankari da ruwan ɗumi na Wikki, ga zanen dutse na Geji da na Shira, ga duwatsun Dass da na Ningi da tarihin da ke bayansu.

Na faɗi haka a aji wata rana, ban ɗauka wani ya riƙe ba. A zangon da ya biyo baya wata yarinya mai yawan shiru ta kawo mini littafin rubutu mai ganye 80 cike da rubutun biro, labarin wata budurwa 'yar masu jima da take jin maganar tsofaffin ƙofofin gari idan dare ya raba, da wani ɗan Fulani makiyayi da ya san hanyar da take nema amma ya yi rantsuwa ba zai nuna wa kowa ba. Akwai kurakuran rubutu, wasu wuraren kuma ta yi sauri fiye da kima, na yi mata alama da jan biro muka zauna muka bi su. Da izininta na sa wa littafin bango na kwali na ajiye shi a kabad tare da sauran. Ta tsayar da labarin a daidai lokacin da ƙofar ta buɗe, kuma yanzu sunaye goma sha ɗaya ne a takardar masu jiran kashi na biyu.